Na haddace tsofaffin tambayoyin WAEC, me ya sa lissafi ke kayar da ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku na babbar sakandare a Zariya, bana zan zana WAEC da NECO. Tun dogon hutu nake bin littafin tsofaffin tambayoyin lissafi, har ta kai in na ga tambaya na san amsarta kafin in gama karantawa. Amma da muka yi jarrabawar gwaji sai na faɗi warwas, musamman a da'ira da tirigonometiri, aljabarar ma da nake taƙama da ita ta ba ni kunya. Malamin darasinmu na yamma ya ce kada mu damu, tambayoyin maimaituwa suke yi, kuma yana da waɗanda za su fito. Hankalina a tashe yake, don in ban samu kiredit a lissafi ba, karatun jinyar da nake buri ya tafi. Waɗanne irin tambayoyi zan riƙa gwada kaina da su?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗiyata, kwantar da hankalinki, gara da abin ya fito a gwaji tun akwai sauran lokaci. Ciwon kuwa ke da kanki kika faɗe shi: kin san amsa kafin ki gama karanta tambaya. Tambayar da kika san amsarta ta daina auna ki. Abin da take aunawa shi ne ƙarfin haddarki, kuma ba shi za a tambaye ki a zauren jarrabawa ba.

Kullum da wannan nake fama. Yaro ya buɗe tambaya, ya yi shiru minti ɗaya, ya juya bayan littafi, ya bi aikin da aka yi layi-layi yana gyaɗa kai, ya ce ai na gane. Gaskiya ne ya gane, amma ganewar mai kallo ce. Wadda ta shekara tana kallon mahaifiyarta na tuƙa tuwo ta san kowane mataki, ranar da aka miƙa mata muciya ne gudaji ke tona mata asiri. Abin da ke maimaituwa a WAEC ƙa'idoji ne. Lambobi da zane da inda aka ɗora harafi kuwa, sauya su ba ya ɗaukar mai tsara tambaya minti biyar.

Ga gwaji, ki ɗauko takarda yanzu. O ce tsakiyar da'ira, A da B suna bakinta, kusurwar AOB digiri 110 ce. C na kan babban baka, wato ɓangaren bakin da'irar da ya fi tsawo daga A zuwa B. Nawa ce kusurwar ACB? Na san za ki ce 55, kuma daidai ne. To a ɗauke C a mayar da ita kan ƙaramin baka, tsakanin A da B. Mai hadda zai sake rubuta 55, ko ya ce an yi kuskure a tambayar. Wadda ta san ƙa'idar za ta lura cewa yanzu babban bakan ne kusurwar ke fuskanta, don haka kusurwar tsakiya ta zama 360 a cire 110, wato 250, rabinta 125. Ki haɗa 55 da 125, ki ga 180 ta fito. Ka'idar nan ta kusurwoyi masu fuskantar juna a siffa mai gefe huɗu da ke cikin da'ira, wadda kuke haddacewa daban kamar ba ta da uwa, daga nan ta fito. Harafi ɗaya aka matsar, kuma shi ya raba mai sani da mai hadda.

Haka nake so ki riƙa yi wa kowace tsohuwar tambaya: ki warware ta littafi a rufe, sannan ki murɗa mata wuya. Da'ira mai rediyos, wato nisa daga tsakiya zuwa bakinta, santimita 10, an ja tsirkiya, wato layin da ya haɗa wurare biyu a bakin da'irar, mai tsawon 16. Nisanta daga tsakiya 6 ne, tunda layin da ya sauko mata daga tsakiya a kan digiri 90 raba ta biyu yake yi, sai ka'idar Faisagoras ta ƙarasa aikin. Yanzu ƙara wata tsirkiyar mai tsawon 12 da ke tafiya kafaɗa da kafaɗa da ta farko. Nisanta daga tsakiya 8 ne. Mene ne tazarar da ke tsakaninsu? In suna ɓangare ɗaya na tsakiya 2 ne, in tsakiyar ta raba su 14 ne. Wanda bai yi zane ba ba zai ma san akwai wannan zaɓin ba. Kuma tunda an zo maganar zane, kada ki yarda da idonki. Zanen takardar jarrabawa ba lallai ya bi ma'auni ba. Layi ya yi kama da diyamita bai sa ya zama diyamita ba, sai an faɗa ko an nuna ya ratsa tsakiya. Yara da yawa na ba wa kusurwa digiri 90 kyauta don kawai ta yi kama da ita.

A tirigonometiri, gwada wannan: sin x = 3/5, x ba ta kai digiri 90 ba, nemo cos x + tan x ba tare da kalkuleta ba. Zana alwatika mai kusurwar digiri 90, gefe ɗaya 3, mafi tsawo 5, gefen da ya rage 4 ne, amsa 4/5 + 3/4, wato 31/20. Murɗa ta: sin x = 1/2, x na tsakanin 0 da 360. Kalkuleta 30 kaɗai zai ba ki ya yi shiru, 150 sai kanki ya kawo ta. Shi kansa kalkuletan, kafin ki fara aiki ki danna sin 30. In bai ba ki 0.5 ba, ya ba ki wani abu kamar -0.988, to yana kan radiyan, wani ma'aunin kusurwa na daban, ki mayar da shi digiri, in ba haka ba duk lissafin ranar ya bi ruwa. Sai ta kusurwar ɗaga kai: mutum na tsaye mita 20 daga gindin turken sadarwa, ya ɗaga kai digiri 60 ya hango ƙololuwarsa. Tsawon 20√3 ne, kusan mita 34.6. In tambayar ta ce idonsa na mita 1.6 daga ƙasa, amsar ta koma 36.2, kuma wannan 'yar jimlar ce masu sauri ke tsallakewa.

Aljabara ba zan daɗe a kanta ba, don zunubanta sanannu ne. In aka ba ki x² = 5x kika raba da x, kin jefar da amsa ɗaya, x = 0. In kika buɗe (x + 3)² kika rubuta x² + 9, saka x = 1 ki gani: 16 ce a hagu, 10 a dama. Wannan ɗabi'ar ta mayar da amsa cikin tambaya ta fi bayan littafi amfani, domin ita za ki iya shiga da ita zaure. Warware 2x² - 5x - 3 = 0, ki tabbatar da 3 da -1/2 da hannunki. Sannan ki haɗa fannonin: kusurwoyi biyu masu fuskantar juna a siffa mai gefe huɗu cikin da'ira su ne 2x + 10 da 3x + 20. Da'ira ce za ta ba ki 180, aljabara ta ba ki x = 30.

Yanzu maganar malaminku mai tambayoyin da za su fito. Ina ganin irinsu duk shekara, da zarar jarrabawa ta matso sai su tsiro, wasu a darasin yamma, wasu a zaurukan WhatsApp, a biya kuɗi a karɓi ekspo. Malamin da ya iya koyar da da'ira ba ya bukatar sayar da sirri. Ko a ƙaddara abin da ya ba ki ya fito, ki duba yadda takardar take. Ta farko tambayoyi 50 ne na zaɓi cikin awa ɗaya da rabi. Ta biyu tambayoyi 13 ne, biyar na dole, sai ki zaɓi biyar daga takwas, cikin awa biyu da rabi, kuma a nan makin hanya daban yake da makin amsa. Ki rubuta 125 tsurarta ba aiki, kin zubar da mafi yawan makin. Ki bi hanya daidai ki yi tuntuɓe a ƙarshe, kin tsira da makin hanya. Shi ya sa a da'ira nake tilasta wa ɗalibaina su rubuta dalilin kowane mataki a gefensa. Rahotannin manyan masu duba takardu na WAEC sun sha ambaton da'ira cikin wuraren da ɗalibai ke da rauni, kuma da yawa gudunta suke yi gaba ɗaya. Sannan hukumar na riƙe sakamakon waɗanda ta zarga da maguɗi, wani lokaci ta soke shi. Ranar da hakan ta faru malamin ekspo ba ya ɗaga waya. Iyaye ma ina da magana da su: uban da ya biya kuɗin satar amsa don 'yarsa ta karanci jinya, ya tuna wata rana ita za ta auna wa jariri magani gwargwadon nauyinsa, kuma a gefen gadon asibiti ba mai turo amsa ta waya. Mu ji tsoron Allah.

Daga yau ki raba littafin biyu. Shekarun da kika riga kika haddace, ki yi ta murɗa tambayoyinsu kamar yadda na nuna miki. Ki ware shekaru biyu ko uku da ba ki taɓa buɗewa ba, na WAEC ko na NECO, ki zauna musu da agogo, awa biyu da rabi cif, ki ba ƙawarki shafin amsa ta riƙe. Duk wadda kika faɗi, ki rubuta dalili: ƙa'ida ce ba ki sani ba, zane ne ba ki yi ba, ko alamar ragi ce ta zame. Bayan mako guda ki sake ta da sababbin lambobi.

Ga wadda zan bar miki ba amsa. Daga P, wadda ke santimita 13 daga tsakiyar da'ira mai rediyos 5, an ja layuka biyu da suka shafi da'irar a T da S. Nemo tsawon PT, sannan kusurwar TPS, sannan kusurwar da T da S suka yi a kan babban baka. Ki turo min da aikin gaba ɗaya, da dalilin kowane mataki a gefensa.