Amsar tambaya: Shin Pakistan ta san inda Usama bin Laden yake ɓoye?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske ne hukumomin Pakistan ba su san Usama bin Laden yana zaune a garin Abbottabad na ƙasarsu ba har Amurkawa suka kashe shi a 2011, ka kuma ce ba ka ga dalilin da zai sa gwamnati mai sojoji ta riƙa ciyar da ƙungiyoyin 'yan bindiga ba. Na yi karatu a Islamabad a shekarun da wannan al'amari yake kan ganiyarsa, kuma ban daina bibiyar labarin ƙasar ba tun da na dawo gida. A ganina tambayarka ta biyu ita ce uwa, don haka da ita zan fara.

Duk wanda ya zauna da mutanen Pakistan zai lura cewa babu abin da ke hana hafsoshin sojansu barci kamar Indiya. A yaƙin 1971 sun rasa Gabashin Pakistan, wadda ta zama Bangladesh, kuma wannan ciwo bai warke ba. Ta yamma kuma gwamnatocin Kabul sun daɗe suna ƙin amincewa da iyakar Durand da Turawan Ingila suka shata a 1893, wadda ta raba ƙabilar Pashtun gida biyu. Saboda haka sojojin suka tsaya a kan abu biyu: kada a kafa gwamnati a Kabul mai ɗasawa da Indiya, kuma a samu hanyar gallaza wa Indiya a Kashmir ba tare da an fito fili an yi yaƙi ba. Ƙungiyar 'yan bindiga ta fi rundunar soja arha, kuma idan ta yi ɓarna gwamnati tana iya rantsuwa cewa ba ta san ta ba. Wannan lissafi ne ya ruɗe su.

Bai kamata a ɗora wa Pakistan laifin ita kaɗai ba. Da Tarayyar Sobiyet ta mamaye Afganistan a Disambar 1979, Amurka da Saudiyya ne suka zuba kuɗi da makamai domin mujahidai, Janar Ziya'ul Haƙ, shugaban Pakistan na lokacin, kuma ya kafa sharaɗin cewa komai sai ya bi ta hannun hukumar leƙen asirin sojansa, wato ISI. Ita ce take raba wa ƙungiyoyin mujahidai bakwai da ke birnin Peshawar na Pakistan, kuma Gulbuddin Hekmatyar, wanda ya fi kowa tsauri, shi ya fi samun kaso mai tsoka. A wannan Peshawar ɗin ne Abdullah Azzam, wani malami Bafalasɗine, da Usama suka buɗe ofishin karɓar mayaƙa Larabawa a 1984, daga cikinsu kuma Alƙa'ida ta fito a 1988. Masu cewa hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, ce ta ƙirƙiri Usama sun wuce gona da iri, domin ya zo ne da dukiyarsa da gudummawar attajiran ƙasashen Larabawa, amma sansanonin horo da hanyoyin safarar makamai da ya ci moriyarsu daga baya a wancan zamani aka gina su.

Sojojin Sobiyet sun fice a Fabrairun 1989, Amurka ta tattara nata ya nata, amma ba a rushe abin da aka gina ba. An juya wani sashe zuwa Kashmir, inda ƙungiyar 'yan bindiga ta Lashkar-e-Taiba ta Hafiz Sa'id ta yi ƙarfi. Da Taliban ta ɓullo a Kandahar a 1994, Pakistan ta rungume ta, kuma bayan ta kama Kabul a Satumbar 1996 ƙasashe uku kaɗai suka amince da gwamnatinta: Pakistan, Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. A wannan shekarar ce Usama ya baro Khartum, bayan matsin lambar da aka yi wa Sudan, ya koma Afganistan. Daga can aka tsara hare-haren ofisoshin jakadancin Amurka a Nairobi da Dar es Salam a Agustan 1998, inda mutum 224 suka mutu, mafi yawansu 'yan Afirka ne, sannan harin 11 ga Satumbar 2001.

Bayan wannan hari Janar Pervez Musharraf, shugaban Pakistan na lokacin, ya raba ƙafa. Ya ba Amurka hanyar wucewa da kayan yaƙi daga tashar ruwan Karachi, ya karɓi biliyoyin daloli, kuma jami'ansa sun kama manyan Alƙa'ida da gaske: Abu Zubaida a Faisalabad da Ramzi bin al-Shibh a Karachi a 2002, Khalid Sheikh Muhammad a Rawalpindi a 2003, Abu Faraj al-Libi a Mardan a 2005. Ka lura duk a cikin garuruwa aka kama su, ba a kogon dutse ba. Amma shugabannin Taliban ta Afganistan suna zaune a Kuwetta, iyalin Haƙƙani, masu ƙungiyar 'yan bindiga ƙawar Taliban, suna Miranshah a Waziristan ta Arewa, ba mai taɓa su. An kasa 'yan bindiga kashi biyu: waɗanda za a miƙa wa Amurka, da waɗanda za a adana don gobe.

Wannan ban karanta shi a jarida kaɗai ba. An haramta Lashkar-e-Taiba a Janairun 2002, amma mutanenta sun ci gaba da aiki a ƙarƙashin sunan Jama'atud Da'awa. Bayan girgizar ƙasar Oktobar 2005, wadda ta kashe mutane fiye da 70,000, na ga rumfunansu a bakin titi suna karɓar gudummawa a fili, da tutocinsu, 'yan sanda suna wucewa. Sun taimaki mutane ƙwarai a lokacin, shi ya sa talaka ba ya ganin laifinsu, amma daga wannan gidan ne aka tura maharan birnin Mumbai na Indiya a Nuwambar 2008, waɗanda suka kashe mutum 166. A 2012 Amurka ta sa ladan dala miliyan 10 a kan Hafiz Sa'id alhali yana gudanar da gangami a bainar jama'a, kuma sai a 2020 kotu ta ɗaure shi kan samar wa ta'addanci kuɗi, lokacin da ƙasar take cikin matsin hukumar FATF mai sa ido kan haramtattun kuɗaɗe.

Yanzu ga farautar kanta. Usama ya kuɓuce a duwatsun Tora Bora na Afganistan a Disambar 2001, alhali akwai ladan dala miliyan 25 a kansa, aka shafe kusan shekara goma ana lalube. Abin da ya tona shi ɗan aikensa ne, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ahmad al-Kuwaiti. A 2010 aka kama muryar ɗan aiken a waya, aka bi motarsa har zuwa wani gida a unguwar Bilal Town ta Abbottabad. An gina gidan a 2005, katangarsa a wani ɓangaren ta haura mita 5, babu layin tarho, babu intanet, kuma mutanen gidan ƙona shararsu suke yi maimakon su fitar da ita kamar maƙwabta. A daren 1 ga Mayun 2011, wayewar garin 2, jirage masu saukar ungulu suka taso daga Jalalabad ta Afganistan, ɗaya ya faɗi a harabar gidan, cikin kimanin minti 40 aka kashe Usama da ɗansa Khalid da ɗan aiken da ɗan'uwan ɗan aiken da wata mata, aka tafi da gawar Usama aka jefa a teku. Ba a sanar da Pakistan ba, kuma shugaban CIA na lokacin, Leon Panetta, ya faɗa a fili cewa tsoron kada a tsegunta wa mutanen gidan ne ya hana.

Na sha ratsa Abbottabad a hanyar zuwa duwatsun arewa. Garin sojoji ne, cike da barikoki da gidajen hafsoshi masu ritaya, kuma kwalejin horas da hafsoshi ta Kakul ba ta kai kilomita 2 daga wannan gida ba. Ni da nake ɗalibi baƙo, sai da na yi rajista da 'yan sanda, kuma da wuya in yi doguwar tafiya ba a tsayar da ni a shinge an duba takarduna ba. Shi ya sa na fahimci wanda ya ce ruwa ba ya tsami banza. Sai dai zato daban, hujja daban. Amurkawa sun kwashi kwamfutoci da takardu masu yawa daga gidan, kuma jami'ansu sun ce ba su ga shaidar da ke nuna cewa Janar Ashfaq Kayani, shugaban sojoji, ko Janar Shuja Pasha na ISI sun san da zamansa ba, ko da yake Barack Obama ya ce dole akwai masu tallafa masa a cikin ƙasar. Kwamitin binciken da Pakistan ta kafa ƙarƙashin Mai Shari'a Javed Iqbal, wanda gwamnati ta ɓoye rahotonsa har Aljazeera ta fallasa shi a Yulin 2013, ya gano cewa Usama ya shiga ƙasar tun 2002, ya zauna a Swat da Haripur kafin Abbottabad, ya kuma ɗora laifin a kan mummunan sakaci a kowane mataki na hukuma, ba tare da ya kore yiwuwar haɗin bakin wasu ba.

Hukuncina shi ne, ba lallai sai janar ya sa hannu a takarda kafin a ɓoye mutum irin wannan ba. Idan hukuma ta shekara talatin tana koya wa ƙananan jami'anta cewa akwai gidajen da ba a ƙwanƙwasa wa ƙofa, akwai motocin da ba a bincikawa, akwai baƙin da ba a tambayar asalinsu domin wataƙila na manya ne, to ɗan sandan unguwa da ya ga doguwar katanga zai kau da kai ne don ya tsira da aikinsa. Kuma rabon da aka yi na 'yan bindiga kashi biyu a ofis kawai yake aiki. A ƙasa, sun yi karatu a makarantu ɗaya, sun yi horo a sansani ɗaya, sun auri 'yan'uwan juna, kuma wanda aka adana shi ne ke ba wanda ake nema masauki. Don haka ko shugabannin sun sani ko ba su sani ba, manufarsu ce ta samar da inuwar da ya fake a ciki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗanda suka biya bashin. Bayan sojoji sun afka wa masallacin Lal Masjid a Islamabad a Yulin 2007, aka kafa Taliban ta Pakistan a Disambar shekarar ƙarƙashin Baitullah Mehsud, ta juya bindiga kan ƙasar. A watan azumin 2008, jim kaɗan bayan shan ruwa, na ji ƙarar bam ɗin otal ɗin Marriott daga inda nake zaune, kuma cikin mutane fiye da 50 da suka mutu akwai masu gadi da direbobi da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A 2009 an kai hari hedikwatar sojoji kanta a Rawalpindi, a Disambar 2014 kuma aka kashe yara fiye da 130 a makarantar 'ya'yan sojoji ta Peshawar.

Ita ma Amurka ta bar ɓarna a hanyar farautarta. CIA ta yi amfani da wani likita, Shakil Afridi, ya shirya allurar rigakafin ciwon hanta ta bogi a Abbottabad domin neman jinin 'ya'yan Usama. Da asirin ya tonu aka yanke masa shekara 33 a 2012, kuma daga ƙarshen wannan shekarar 'yan bindiga suka tsananta harbe ma'aikatan rigakafin shan inna, yawancinsu mata. A lokacin ƙasashe uku suka rage da cutar, Pakistan da Afganistan da Najeriya, kuma mu da muka ga yadda aka dakatar da rigakafin a Kano a 2003 saboda zargi, mun san wahalar dawo da amanar iyaye idan ta zube.

Ko bayan Abbottabad manufar ba ta sauya da sauri ba. A Satumbar 2011 Admiral Mike Mullen, babban hafsan hafsoshin sojan Amurka na lokacin, ya shaida wa majalisar dattawan Amurka cewa ƙungiyar Haƙƙani tamkar reshe ce ta ISI, a 2016 kuma jirgi marar matuƙi ya kashe shugaban Taliban, Mulla Akhtar Mansur, a lardin Balochistan ɗauke da fasfon Pakistan. Taliban ta koma Kabul a Agustan 2021, Sirajuddin Haƙƙani ya zama ministan cikin gida, kuma a birnin ne aka kashe Aiman al-Zawahiri, magajin Usama, a Yulin 2022. Tun daga 2021 hare-haren Taliban ta Pakistan suka ƙaru, har jiragen yaƙin Pakistan suka kai farmaki cikin Afganistan a 2022 da 2024, bisa zargin cewa gwamnatin Kabul ce ke ba maharan mafaka.