Manhajarmu na tara jama'a amma jari na ƙarewa: mu ci bashi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni da abokina muka kafa manhajar kai kaya gida-gida. Jama'a sun karɓe ta, kullum masu sauke ta ƙaruwa suke yi. Sai dai saboda rangwamen da muke yi, abin da muke biyan mai kai kayan ya fi abin da kwastoma ke biyanmu, ga shi jarin ya kusa ƙarewa. Wani mai ba da shawara kan kasuwanci ya ce kada mu damu, haka Amazon, kamfanin sayar da kaya ta intanet, ya yi shekaru yana faɗuwa, mu ci bashi mu ƙara tara jama'a, riba na nan tafe. Wallahi barci ya gagare ni. Mu ci bashin?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ku ci, aƙalla ba a wannan halin ba. Rashin barcin nan naka ya fi shawarar mutumin amfani.

Wannan zance na Amazon ya ishe ni, don kusan kullum sai an kawo mini shi. Gaskiya ne an kafa kamfanin a 1994, kuma bai ga ribar shekara guda cikakkiya ba sai 2003. Amma ina kuɗin suka riƙa tafiya? Yawancinsu a gina rumbunan ajiya, sayen na'urori da faɗaɗa harka. A jimlace, kayan da yake sayarwa suna barin wani abu sama da kuɗin sarinsu, kuma yana karɓar kuɗin kwastoma kafin lokacin biyan masu ba shi kaya ya yi. Irin wannan faɗuwar, yawan ciniki na cike ta, tunda rumbun da aka gina sau ɗaya zai ɗauki kayan mutum dubu kamar yadda zai ɗauki na ɗari. Taku daban ce. Ku a kan kowane saƙo kuke faɗuwa, don haka duk sabon kwastoma ƙarin rami ne. Da rariya kuke ɗibar ruwa, mai shawararku kuma cewa yake ku sayo babba.

Me ya sa ba ya ba ku labarin MoviePass? A watan Agustan 2017 wannan kamfani na Amurka ya ce wa jama'a su biya dala 9.95 a wata, su shiga silima su kalli fim ɗaya kowace rana. Shi kuma kamfanin sai ya biya gidan silima kuɗin tikiti cif, alhali tikiti ɗaya ya kusa cinye kuɗin watan gaba ɗaya. Mutum ya shiga sau biyu, an faɗi. Jama'a suka yi ca, kafin shekara ta zagayo sun haura miliyan 3. A watan Satumban 2019 aka rufe. Kafin shi akwai Pets.com mai sayar da abincin dabbobin gida ta intanet, wanda ke aika buhuna masu nauyi a kan asara: ya shiga kasuwar hannayen jari a Fabrairun 2000, ya durƙushe a Nuwamban shekarar. Zamani ɗaya suka yi da Amazon, amma masu shirya tarukan ƙara wa juna sani ba sa sa hotonsa a allo, don gawa ba ta jawo masu sayen tikiti.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne ganin kalmar manhaja. Eh, kwafin manhaja na miliyan kusan kyauta yake, shi ya sa masu sayar da ita zalla ke samun riba mai kauri idan sun girma. Amma ku manhaja ƙofa ce kawai. A bayanta akwai mutum, abin hawa, mai da lokaci, kuma kowane saƙo sai ya ci nasa. Hanya ɗaya da girma zai sauƙaƙa muku ita ce cunkoso: a samu oda da yawa a yanki guda, mai kai kaya ya ɗauki uku a fita ɗaya. Bazuwa ko'ina da rangwame akasin haka take haifarwa.

Sannan kuɗin wa ake ƙonawa? Uber, kamfanin kiran mota ta manhaja da aka kafa a 2009, sai a 2023 ya fara ganin ribar gudanarwa ta shekara, kuma biliyoyin dalolin masu zuba jari ne suka riƙe shi, a zamanin da kuɗin ruwa a Amurka ya daɗe a kusa da sifili. Tun 2022 wannan zamanin ya wuce. Mai zuba irin wannan jarin yana watsa kuɗi a kamfanoni da yawa, ya san akasarinsu za su mutu, ɗaya ko biyu su mayar masa. Mai ba da bashi kuwa ba ruwansa da yawan masu sauke manhajarku, ranar biya kawai ya sani, da abin da kuka jinginar.

Ga abin yi kafin ku sa hannu a kowace takarda. Ku zaɓi yankin da kuka fi ciniki, ku cire rangwamen na wata guda, ku sa farashin da zai biya mai kai kaya har ya bar ragowa. Sai ku ƙirga waɗanda suka dawo suka sake yin oda. Su ne kwastomominku, sauran kuwa rangwamen suka biyo. Ku kuma lissafa nawa kuke kashewa a talla kafin ku samu mutum ɗaya, da wata nawa zai yi yana ciniki kafin ya mayar da kuɗin. Idan lissafin ya tsaya da ƙafarsa a wannan yankin, to akwai maganar neman jari, kuma zan fi so ku nemi wanda zai shigo da kuɗinsa a ba shi kaso. Shi kuma mai shawarar, ku tambaye shi ko zai yarda a biya shi ladan aikinsa da hannun jarin kamfanin, sai ka rubuto mini amsar da ya bayar.