Tambaya da Amsa: Ruwan kanal ɗinmu zai kai mu Afrilu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu manoman rani ne, kanal ɗaya muke sha. Bara tumatirin masu gonakin ƙarshen layi ya ƙone a watan Maris. Ta yaya za mu gane, tun kafin dashe, ko ruwa zai ishe mu? Daga wani mai karatu a Igabi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Cikar dam, ko Kangimi ne ko Galma, ba ita kaɗai ake dubawa ba. Ruwan da ke isa gonar ƙarshe shi ne ma'auni.

Ku kafa sanda mai alamar santimita a inda ruwa ke shiga kanal tun ƙarshen Oktoba, kuna rubuta tsayin ruwan duk mako. Saurin saukarsa a hunturu zai nuna muku abin da bazara za ta zo da shi.

Sannan ku auna gudun ruwan. Ku sami wuri miƙaƙƙe mai tsawon mita 10, ku jefa guntun kara, ku ƙirga daƙiƙun da zai yi. A ce ya yi 25, wato mita 0.4 ke nan a daƙiƙa. Ku ɗauki kashi 80 cikin ɗari, domin ruwan ƙasa bai kai na sama sauri ba: 0.32. Idan faɗin ruwan mita 1 ne, zurfinsa mita 0.3, sai ku ninka faɗi da zurfi da gudu (1 × 0.3 × 0.32), sannan sau 1,000 don mayarwa lita: kuna samun kusan lita 96 a daƙiƙa. A zafin Maris da Afrilu ku yi wa kowace hekta lissafin lita ɗaya da rabi a daƙiƙa, dare da rana. Ruwan nan zai ɗauki hekta 64, ko 32 in awa 12 kawai ake sakinsa.

Ku maimaita awon a ƙarshen layi a ranar da kowa ya toshe mashigarsa. Idan sulusi ya ɓace a hanya, to laifin ba na fari ba ne tukuna. Laka da ciyawar kachala na rage gudu, ramukan gafiya da tsagewar siminti na zurar da ruwa, ga kuma mai sa injin jan ruwa cikin dare, wanda ya kamata ƙungiya ta tsawata masa. A yi gayyar yashe kanal kafin a saki ruwa.

In lissafi bai kai ba, kowa ya rage fili daidai wa daida, a yi dashe da wuri a Nuwamba, a kuma fara rabon kwana daga ƙarshen layi zuwa sama. Gonar da ke fure a fifita ta, domin a lokacin ne ƙishi ke zubar wa tumatir 'ya'ya.