Tambaya da Amsa: Hassada ce in na ji zafin tazarar da ke tsakaninmu da masu kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min da amsa. Ni ɗan adaidaita sahu ne a Kano, a Gama nake zaune da matata da yara uku. Kullum da safe akwai wata mai aikin gida da nake kaiwa Nasarawa GRA, tafiyar ba ta kai minti sha biyar ba daga ƙofar gidana amma wallahi kamar na shiga wata ƙasa daban, gidan da take aiki motoci huɗu ne a jere, wuta ba ta ɗaukewa, ni kuma in na cire balas ɗin mai keke da kuɗin mai wata ranar abin da ya rage ko kwanon masara bai saya. Da na yi maganar a majalisa sai wani dattijo ya ce min hassada ce ke damuna, arziki da talauci duk rabon Allah ne, in yi shiru. Tun ranar abin ke ci min rai. Da gaske hassada nake yi? Daga wani mai karatu, Gama, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya sa wa nema albarka. Ka kwantar da hankalinka, hassada ita ce ka so ni'imar wani ta gushe, kai kuma ban ji ka ce motocin nan su ƙone ba, kuka kake da wahalar da ke kanka kana tambayar dalili.

Dattijon nan yana da gaskiya ta wani ɓangaren, a Suratuz Zukhruf Allah ya faɗa cewa ya ɗaukaka wasu a kan wasu a abin rayuwa, kuma tun kaka da kakanni akwai attajiri akwai talaka a Kano. Amma shi Alƙur'anin ne dai a Suratul Hashr, wajen maganar rabon dukiya, ya ce don kada ta zama tana kewayawa tsakanin masu kuɗi kawai. Toh mu kuwa yanzu abin da ke faruwa kenan, kuma mutane ne suka zauna suka yanke shawarwarin da suka kawo mu nan.

Ka tuna ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da kake sha ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. A Yunin 2023 ɗin aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta wuce 1,500 a 2024. Wanda ya ajiye dala ko filaye ko kaya a sito yana barci dukiyarsa ta ninka, kai da kuɗinka ke shigowa ɗari biyu ɗari uku ka kashe su a ranar, kai ne ka biya kuɗin gyaran. An ƙara mafi ƙarancin albashi daga 30,000 zuwa 70,000 a Yulin 2024, amma kai albashin wa kake ɗauka? Yawancin mutanenmu ba su taɓa ganin albashi ba, dako ne, talla ne, noma ne, keke ne.

Kuma tun kafin wannan ma, a 2022 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talaucin da ya haɗa rashin ilimi da asibiti da ruwa mai tsafta, kashi 63 cikin ɗari kenan, kuma miliyan 86 daga ciki a Arewa suke.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya ni, kuma shi nake so ka gane sosai, shi ne masu hali sun fice daga duk wani abu da muke tarayya da su a da. Ka tambayi tsofaffin da suka yi kwalejin Rumfa ko Barewa, ɗan sarki da ɗan manomi aji ɗaya suke zama, kwano ɗaya suke ci, in rufin aji ya fara yoyo uban da ke da murya shi zai je ya tada jijiyar wuya a ma'aikatar ilimi. Yanzu ɗansa na makarantar kuɗi, ruwansa burtsatse ne a cikin gida, wutarsa sola ce da janareta, in ma ta layi ce yana Band A, rukunin masu wuta da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, in kansa ya yi ciwo sai Masar ko Indiya ko Dubai, toh wa zai yi magana in famfon Gama ya bushe ko aji ɗaya ya cika da yara sama da ɗari a zaune a ƙasa? An bar wa mara murya kayan gwamnati shi kaɗai shi ya sa suka lalace babu mai tsawatarwa. Ga masana'antun Sharada da Bompai da Challawa da suka riƙe dubban magidanta da yawansu sun koma kango, haka masaƙun Kakuri a Kaduna, ƴaƴan ma'aikatan nan su ne yau ke kan keke irin naka.

Masu kuɗinmu da yawa suna kyauta, ba zan ci haƙƙinsu ba. Sai dai raina na ɓaci da salon tara mata da tsofaffi a bakin get a raba dubu biyar biyar, a Bauchi cikin azumin 2024 mata sun rasa rayukansu a turmutsitsin irin wannan rabon. Zakka ɗaya bisa arba'in haƙƙin talaka ce, da ana fitar da ita tsakani da Allah ana ba mutum abin da zai ja jari, da irinka ya mallaki kekensa ya huta da balas.

Shawarata, kada ka bari zafin nan ya koma ƙiyayyar mutanen gidan da kake kai fasinja, ba ka san ta yadda suka samu ba. Ka shiga adashi da abokan sana'a masu amana da niyyar sayen keke naka ko na hannu ne, ka riƙa zuwa taron iyayen yara a makarantar su yaran kana magana, kuma in ɗan takara ya zo da taliya da sabulu ku tambaye shi makarantar da ƴaƴansa suke da asibitin da matarsa ke haihuwa. Dattijon kuma ka gaishe shi da ladabi, ka karanta masa ayar Hashr ɗin, aya ta 7 ce.