Makinar Sa'a da Hanjin Agogo

Taubashina, saƙonka ya iso, na kuma ga tun da ka koma Kano daga umara ba ka daina yi mana tsiya ba. Ka miƙa wa Baba agogonka da ya tsaya, ya kara shi a kunne ya ce "makinar sa'ar ce, zambarak ya tsinke", kai kuwa ka yi sororo. Yanzu kana tambaya wace irin Hausa ce wannan.

Hausar Makka ce. Kakanmu da ya tako a ƙasa ta Sudan bai zo da agogo a jakarsa ba, a nan 'ya'yansa suka fara ɗaura shi, sai suka karɓe shi da sunan da masu gari ke kiransa. Shi ya sa agogo a bakinmu sa'a ne, mai gyaransa kuma sa'ati. Idan ɗanmu ya ce sa'arsa ta ɓace, kada ka yi masa addu'ar samun nasibi, taya shi duba ƙarƙashin matashi.

Makina ita ce duk kayan cikin da ke motsi, abin da ku kuke ce wa injin agogo. Larabawa daga Italiyanci suka aro ta, asalinta kuma Latin da Girkanci. Idan ka bi salsala, ita da mashin ɗin da kake hawa zuwa Kwari kakansu ɗaya, taku dai ta biyo ta Ingila ne, tamu ta bakin Bahar Rum.

Zambarak ya fi daɗin labari. Shi ne siririn ƙarfen nan da ke nannaɗe kamar gammo, wanda ake ɗaurewa tamau, yana warwarewa a hankali yana tura haƙoran ciki. A Farisanci zambur rina ce, zamburak kuma 'yar ƙaramar rina. Da sunan aka kira wani irin baka na yaƙi, daga baya wata 'yar igwa da ake ɗora wa raƙumi. Turkawa suka mayar da shi sunan ƙarfe mai tsalle, su ne kuma suka riƙe Makka har 1916. A nan kam na sallama maka, taku ta fi: hanjin agogo. Wanda ya taɓa fiɗar kaza ba sai an yi masa bayani ba. Tsofaffin matanmu har yanzu hanji suke cewa, samari ne suka bar shi.

Amma kafin ka cika baki, agogon da kake tinƙaho da shi na Yarbawa ne, ƙararrawa yake nufi a wajensu. Inji na Turawa ne, haka ma wanin da kuke yi wa agogo, wato murɗa shi. Mu cika shi muke yi, kamar randa, domin haka Larabawan nan ke faɗa. Hannun agogo kuwa akrab suke ce masa, wato kunama, batir kuma hajar, dutse. Ƙarfe uku, ƙarfe huɗu ne dai naku na gado, mu ma ba mu yar da shi ba.

Ka kuma ce Baba ya gaya maka za a yi isha'i ɗaya da rabi, ka ɗauka tsufa ne. Lafiyarsa lau. A da, rana a nan daga faɗuwarta take farawa: ana kiran magariba kowa ya mayar da sa'arsa ƙarfe 12, ya cika ta. Da yake magariba tana matsawa kullum, kullum sai an taɓa kunamar. Sai a shekarun 1960 hukuma ta koma lissafin da sauran duniya ke bi, amma hannun Baba bai koma ba. Ko bayan Seiko ta fito da agogon batir a 1969, ya ƙi shi, wai abin da ba ya neman ci ba shi da rai. Agogon da ke saman benen nan na gaban Harami, mai faɗin fuska mita 43, yakan ɗaga kai ya dube shi, sannan ya ciro nasa daga aljihu ya gwada.

Naka yana wajen sa'ati, an samo masa hanji sabo. Zan ba alhazan bana su kawo maka, kuɗin gyara kuma sai ka aiko da kilishi.