Maganin sauron ne jabu, ko sauron ne ya sauya?

Muryar da aka tura guruf ɗin dangi, aka rubuta ta saboda waɗanda ba su samu saurare ba.

Assalamu alaikum. Kawu, barkanku da dare, ya gajiya? Gwaggo, ina yini. Na ji muryarku tun la'asar, Kawu, ina wurin aiki ne shi ya sa ban amsa ba. Kun ce kun sayo maganin sauro na fesawa, kun feshe ɗaki kun rufe ƙofa, amma bayan Isha sauro na nan yana muku kuka a kunne, kuka ce yanzu komai jabu ne, a da fesa ɗaya ya wadatar. Sai Yaya ya ce a haɗa da fiya-fiya kawai a huta. To tunda aka ce ni ce mai aikin sauro, bari in faɗi abin da na sani, ku yi haƙuri muryar za ta ɗan yi tsawo.

Jabu dai akwai shi a kasuwa, ba zan rantse a kan gwangwanin da kuka saya ba. Amma ko na gasken kuka samu, Kawu, abin da kuka gani shi za ku gani. Sauron yau ba irin na zamanin samartakarku ba ne, kuma mu muka mai da shi haka da hannunmu.

Ga yadda ake gane hakan a ɗakin gwaji. Za mu je bakin gonar shinkafa ko wani ɗan ruwa da ya kwanta bayan an yi ruwan sama, mu sa ludayi mu ɗebo tsutsar sauro. A kawo su a zuba a roba a raine su har su fashe su zama sauro. Sai a ware matan, don su ne masu cizo, 'yan kwana 3 zuwa 5. A zuba 25 a cikin wani bututu da aka shimfiɗa wa takarda mai magani, su yi awa ɗaya suna sauka a kanta. Daga nan a mai da su bututu mai tsabta, a ɗora musu auduga da ruwan sukari, a jira awa 24, a ƙirga gawa. Ka'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce, in 98 cikin 100 suka mutu, magani na aiki. In aka kasa kai 90, sauro ya bijire. To masana daga Jami'ar Bayero tare da takwarorinsu na Liverpool a Ingila sun yi irin wannan gwajin da sauron yankinmu, har da na Bunkure da Auyo, kuma da maganin permethrin, irin wanda ake sa wa gidan sauro, da DDT, tsohon maganin feshi, sau da yawa ko rabi ba sa mutuwa. Sai ki buɗe bututu da safe ki tarar da su manne a jiki, lafiyarsu ƙalau, suna jiran jini.

Ta yaya aka yi? Ba wai sauro ɗaya ne ya shaƙi magani ya saba da shi ba, nan ne mutane ke kuskuren fahimta. Tun farko a cikin dubban sauro akwai 'yan tsiraru da aka halitta da ɗan bambanci a ƙwayoyin gadonsu, maganin ba ya kama su sosai. In kin fesa, masu rauni su mutu, waɗancan su rage. Su ne za su yi ƙwai. Gwaggo, tankaɗe ne fa: gari ya wuce, tsaki ya zauna a rariya, mu kuma kullum tsakin muke bari ya hayayyafa. Macen sauro tana zuba ƙwai 100 ko fiye a zama ɗaya, kuma a zafin Kano daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana 10 ba. Ku lissafa zuriya nawa za a yi a damina ɗaya, balle shekara 20 ana fesa abu iri ɗaya.

Na san wani a guruf ɗin nan zai ce yanzu za ta kawo mana zancen nan na wai daga biri mutum ya samo asali. A'a, ku kwantar da hankalinku, maganar sauro ce, kuma da ido ake ƙirga shi.

Dabarun nasu ba ɗaya ba ne. Akwai wanda wurin da maganin ke kamawa a jijiyarsa ya sauya, masana suna ce masa kdr. Abin takaicin, DDT na da can da magungunan da ke jikin gidan sauro na yanzu wuri ɗaya suke kamawa, saboda haka wanda ya tsira daga wancan ya riga ya samu kariya daga wannan. Akwai wanda jikinsa ke samar da sinadaran narkar da guba da yawa, kafin maganin ya isa jijiya an rusa shi. Akwai wanda fatar ƙafarsa ta ƙara kauri, ya sauka a gidan sauro maganin bai shiga da wuri ba. Har hali ma yana sauyawa: a Benin da Senegal, bayan an raba gidan sauro ko'ina, an ga wani nau'i ya koma cizo da asuba da hantsi, lokacin da mutane suka fito daga ciki. A Mali kuma an gano nau'i biyu 'yan uwan juna sun yi barbara, ɗaya ya miƙa wa ɗaya gadon kdr ɗin, ya bazu cikin 'yan shekaru.

Kuma ba laifin ɗakunanmu kaɗai ba ne. Kashi mai tsoka daga gona yake zuwa. Ku duba Kura, Kadawa, Bunkure, duk inda ruwan Tiga ke kaiwa. Shinkafa, tumatir, wake, feshi ake yi ba ƙaƙƙautawa, kuma dangin maganin ɗaya ne da na gidan sauro. Tsutsar sauron a cikin ruwan gonar take girma, tun tana ƙarama ake tankaɗe ta. Ni a ganina duk maganar yaƙi da zazzaɓin cizon sauro da ba a zauna da manoma da masu shagon maganin feshi ba, rabin magana ce.

Wani abu da da yawanmu ba su sani ba, babban darasin duniya a kan wannan a gida aka koye shi. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi wani gagarumin aiki a Garki, lokacin tana jihar Kano, yanzu Jigawa. Aka bi ƙauyuka ana feshe bangon ɗakuna da wani maganin sauro mai suna propoxur, wasu wuraren aka haɗa da raba magani ga kowa. Zazzaɓi ya ragu sosai, amma bai yanke ba, da aka daina ya dawo. Cikin dalilan har da cewa wani kaso na sauron ba ya kwana a ɗaki, ya ciji mutum ya fita waje, bai taɓa bangon ba. Wani masani ɗan Italiya, Mario Coluzzi, ya yi nazarin gadon sauron wannan yanki, ya nuna abin da ake ɗauka nau'i ɗaya ne ashe kashi-kashi ne, kowane da halinsa. A 2013 aka raɗa wa sauron da ya fi addabar mu a arewa sunansa, Anopheles coluzzii.

Af, Kawu, wanda ke muku kuka a kunne ma ina kyautata zaton ba shi ne mai zazzaɓin ba. Sauron kwata ne, Culex, mai son ruwa mai wari irin na lambatu da Jakara. Shi ma ya bijire wa magani, amma ba ya ɗauke da maleriya. Ku haska bango da fitilar waya ku duba zamansa: na kwata yana kwantar da jiki daidai da bango, mai zazzaɓi kuwa kansa ƙasa bayansa a sama, a karkace.

Yanzu abin da ya fi tayar wa masu bincike hankali shi ne baƙo. Sunansa Anopheles stephensi, asalinsa Indiya da ƙasashen Larabawa. An fara ganinsa a Afirka a Jibuti a 2012, ƙasar da a shekarar masu zazzaɓin 27 kacal aka samu. Zuwa 2020 sun haura 73,000. Ya shiga Habasha da Sudan da Somaliya, a 2020 aka same shi a jihar Gombe. Namu na gida ɗan damina ne, ɗan karkara. Shi wannan ɗan birni ne, a tankin ruwa yake ƙwai, a duro, a randa, a ramin ruwan da magina ke haƙawa a kango. Rani bai dame shi ba: a Dire Dawa ta Habasha a 2022 tsakiyar rani ya haddasa ɓarkewar zazzaɓi. To ku dubi Kano, garin da famfo ba ya zuwa, kowa da tanki a sama, duro a tsakar gida, mai ruwa ya juye ya tafi. Ga awaki da raguna a ƙofar gida, shi kuma yana cizon dabba yana cizon mutum, kuma ya taho da bijirewarsa tun daga can.

To me za a yi? Yaya, don Allah a bar maganar fiya-fiya. Dichlorvos ne, dangin Sniper, ba a yi shi don ɗakin kwana ba. Yana kashe sauro, ba musu, amma huhun yaran yake shiga, ya sauka a kwanon abinci, kuma danginsa ma sauro ya fara bijire musu.

Gwaggo, kun tambaya ko gidan sauro ya daina amfani kenan. Bai daina ba. Ko maganin ya yi rauni, ragar tana nan tsakaninku da shi, in ya yage a ɗinke, in an wanke a shanya a inuwa. In za ku saya ko za ku karɓa, ku sa yara su duba takardar jiki. Wanda aka rubuta PBO an haɗa masa wani sinadari da ke toshe wa sauron hanyar narkar da gubar. Akwai kuma sabo mai chlorfenapyr, wanda Hukumar Lafiya ta amince da shi a 2023 bayan gwaji a Tanzaniya da Benin ya nuna ya rage zazzaɓin yara kusan rabi a kan tsohon. Shi wannan ya burge ni: ba ya zama guba sai jikin sauron ya sarrafa shi, da irin sinadaran da yake kare kansa da su. Amma fa shi ma in aka ɗora masa lodi shi kaɗai shekara da shekaru, tankaɗen zai sake farawa, shi ya sa ake so a riƙa sassauyawa.

Ƙwayar cutar ita ma haka take yi. Chloroquine da aka raine mu da shi, Najeriya ta ajiye shi a 2005 saboda ya daina ji, kuma wanda muke sha yanzu an fara ganin yana rauni a Ruwanda da Uganda. Masu shan kwana ɗaya su ji sauƙi su jefar da sauran, ku ji tsoron Allah ku ƙarasa. A yi gwaji kafin a sha.

Gobe da safe kowa ya leƙa duronsa da tankinsa. Tsutsar da ke rataye kai ƙasa ta sauron kwata ce ko danginsa. Wadda ta kwanta miƙe a saman ruwa, in kin taɓa ta zille gefe, ita ce ta mai zazzaɓi. Wanda ya ga irin wannan a cikin tanki ko duro ya ɗebo a kwalba ya ɗaure baki da tsumma ya kira ni, zan aiko a karɓa, ina so in duba. Sauran ruwan a juye, a goge jikin duron, a rufe shi ruf. Kawu, ku ɗauko mini hoton bayan gwangwanin nan, inda aka rubuta sinadaran, in ga me ke ciki. A gaida su Inna. Sai da safe.