Me ya sa fitila ke mutuwa a cikin tsohuwar rijiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin lise ne, wato makarantar sakandare, a nan Marwa. Kawuna sana'arsa yashe rijiya, kuma kafin ya shiga sai ya zura fitilar kananzir da igiya. In ta mutu, ba ya sauka. Wasu na cewa aikin aljanu ne. Mene ne bayanin abin a kimiyance?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka gaishe min da kawun naka. Batun aljanu na bar wa malaman addini, amma dabarar fitilar nan tana da tushe mai ƙarfi a ilmin sinadarai.

Iskar da muke shaƙa gauraye take: kashi 78 cikin 100 naitirojin ne, kashi 21 oksijin, shi kuwa kabon-dayoksaid kashi 0.04 kacal. Wuta da huhun ɗan Adam duk oksijin suke nema. A gindin tsohuwar rijiya wannan lissafi yakan sauya. Ganye da ƙadangaru da suka faɗa ciki suna ruɓewa, ƙananan halittun da ke ruɓar da su suna cinye oksijin suna fitar da kabon-dayoksaid, ita ma ƙasar tana tsattsafo da nata.

To me ya hana kabon-dayoksaid ɗin tashi ya fice? Nauyi ne, kuma sai mun leƙa cikin ƙwayar zarra, wato ƙwaya mafi ƙanƙanta ta kowane sinadari, za mu gane. Kusan duk nauyinta yana tsakiya, inda wasu 'yan ƙwayoyi masu suna furoton da niyutiron suke, don ilektiron da ke kewaye ba su da wani nauyin a zo a gani. Kabon na da furoton 6 da niyutiron 6, nauyinsa 12 ke nan. Oksijin na da 8 da 8, wato 16. Haɗa kabon ɗaya da oksijin biyu, wato kabon-dayoksaid, ka sami 44. Naitirojin da oksijin na cikin iska biyu-biyu suke tafiya, 28 da 32, da yake naitirojin ya fi yawa, matsakaicinsu wajen 29. Tun 1811 Avogadro, wani ɗan Italiya, ya kawo cewa in zafi da matsi ɗaya ne, mazubi guda adadin ƙwayoyi ɗaya yake ɗauka ko wace irin iska ce. Ashe kabon-dayoksaid ya yi nauyin iskarmu sau ɗaya da rabi. A rami mai zurfi da ƙunci, inda iska ba ta kaɗawa, sai ya kwanta a ƙasa, ba launi ba wari. In ya kai kashi 10 cikin 100, cikin 'yan mintuna mutum zai sume.

Mu 'yan Kamaru mun ga wannan a babban sikeli. Ranar 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos da ke yankin Arewa maso Yamma ya amayar da kabon-dayoksaid da ya daɗe yana narke a ƙasan ruwa saboda matsi, kamar yadda lemon kwalba ke tasowa in an girgiza an buɗe. Iskar ta gangara cikin kwaruruka da dare, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi kimanin 3,500. Daga 2001 aka fara kafa bututu a tafkin don ya riƙa sakin iskar a hankali.

Sai dai ka faɗa wa kawu fitila ba ta ganin komai da komai. Abin da ya fi ba ni tsoro yanzu shi ne injin jan ruwa mai fetur da ake saukarwa cikin rijiya. Hayaƙinsa na da kabon-monoksaid, wanda ke kama jini fiye da oksijin sau 200 da wani abu, kuma fitila na ci lafiya lau alhali iskar ta isa kisa. Injin ya tsaya a waje, nesa da bakin rijiya, tiyo kawai ya sauka. A ramin masai kuma kada a zura wuta sam, domin akwai wata iska mai suna mesen, mai kamawa da wuta.

In fitila ta mutu, a buɗe bakin rijiyar gaba ɗaya, a ɗaura reshe mai ganye ko buɗaɗɗiyar laima a yi ta ja sama da ƙasa, sannan a sake gwadawa. Mai sauka ya ɗaura igiya a ƙirji, mutane biyu na riƙe da ita. In ya yi shiru a jawo shi, kada wani ya bi shi ciki, don iskar da ta kayar da na farko tana nan tana jiran na biyu.